Tambaya da Amsa: Wace bindigar farauta zan saya, kuma ya zan san ta dace da jikina?

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗan Zariya ne amma aiki ya kawo ni Amurka, abokan aikina kusan duk mafarauta ne, kaka na yi sai kowa ya ɗau hutu ya faɗa daji, har sun ja ra'ayina na yanki lasisin farauta. Bindiga ɗaya nake so irin fam-akshan ɗin nan da ake jan famfonta da hannu bayan kowane harbi, wadda za ta yi min agwagwar ruwa da talotalo har barewa, don aljihuna ba zai ɗau uku ba. Wani yace Remington 870 wani yace Mossberg 500. Sannan ni gajere ne, rannan na gwada ta abokina kuncina ya kumbura kafaɗata ta kwana tana zugi. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Toh maganar 870 da 500 kar ta hana ka barci, dukansu tsofaffin hannu ne, 870 tun 1950 take kasuwa, 500 kuma farkon shekarun 1960, kuma kayan gyaransu ko'ina akwai. Cikin 870 ƙarfe ne shi yasa ta ɗan fi nauyi, 500 alminiyam ne, kuma makullin tsaronta a sama yake inda babban yatsa ke kaiwa, in kai bahago ne wannan kaɗai ya isa ka zaɓe ta. In kuɗi sun yi ƙasa akwai Maverick 88, Mossberg ɗin ne dai ke yin ta.

Ka ɗau geji 12 (ma'aunin faɗin ramin bututu kenan) mai cin harsashi inci 3, bututu inci 26 ko 28, wanda ake kwance cok ɗin bakinsa a canza, wato ɗan ƙarfen da ke tsuke bakin bututu don tattara ƙwayoyin harsashi. Mai inci 3½ shuri kawai za ka ƙara wa kanka. Cok mai matsakaicin tsukewa zai yi maka agwagwa, matsattse na talotalo, barewa kuma sai ka sa wani bututun na harsashi mai ƙwaya ɗaya, su Mossberg ma suna sayar da bindiga da bututu biyu a kwali ɗaya.

Amma gaskiya inda na fi so ka tsaya shi ne wannan kumburin kuncin, don bindigar da ba ta zauna a jikinka ba ko ta nawa ce ɓarnar harsashi za ka yi ta yi. Irin wannan bindigar ba ta da saitin baya, idonka shi ne saitin, in kuncinka ya sauka ba daidai ba harbin ma ya kauce kenan. Yawancinsu daga kunama zuwa ƙarshen gindi wajen inci 14 ne, an auna su ne da mutum matsakaici, kai kuma gajere, ga rigar sanyi mai kauri a kai. Kaje shago sanye da rigar da za ka shiga daji da ita, a buɗe bindigar ka gani da idonka babu harsashi, ka rufe ido ka ɗaga ta zuwa kuncinka, ba kai za ka sunkuyar da kai ka same ta ba, sannan ka buɗe ido. In ka ga ɗan ƙwallon saitin zaune a ƙarshen doron bututu kai tsaye to madalla. In doron ya bayyana da yawa harbinka sama zai tafi, in ƙwallon ya ɓuya gaba ɗaya idonka ya yi ƙasa. Ka duba kuma tsakanin hancinka da babban yatsanka, a samu kamar faɗin yatsa biyu. Hannun gaba ya ja famfon har ƙarshe ba tare da ka miƙe gwiwar hannu ba, don wanda bai ja ya ƙure ba shi ne bindiga ke cije wa. In ta maka tsawo akwai masu gajeren gindi irin Bantam ta Mossberg, ba abin kunya ba ne wallahi, ko maƙerin bindiga ya rage ya sa maka roba mai laushi.

Bayan ka saya, kafa babbar takarda a filin gwaji ka harba sau uku ko huɗu ka ga inda ƙwayoyin suka taru.

Dokar can kuma: tsuntsaye masu ƙaura ba a zuba sama da harsashi 3, dole a toshe ma'ajin harsashin, kuma tun 1991 an hana ƙwayar darma kan agwagwar ruwa, sai ta ƙarfe da makamantanta, ita kuma ba ta shiri da matsattsen cok. Ka tambayi mai shago abin da takardun zamanka suka halatta maka. Kuma don Allah kar ka yi tunanin tahowa da ita gida a kaya, a Najeriya 'yan sanda na lissafa fam-akshan cikin haramtattun makamai, a Janairun 2017 ma kwastam sun kama guda 661 a Legas.