Tambaya da Amsa: Sulken Mata a Wasannin Intanet

Tambaya: Anti, ina buga World of Warcraft tare da yayana. Sulke iri ɗaya muka samu, amma nasa ya rufe jaruminsa ruf, tawa jarumar kuwa ciki da cinya duk a waje. Me ya kawo haka? — Wata ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Ƙanwata, abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar da wasan a 2004, galibin masu zane maza ne, kuma samari suka sa a gaba a matsayin masu saye. Shi ya sa aka zana namiji don yaƙi, mace kuwa don kallo. A wasan Black Desert Online na Koriya ta Kudu abin ya wuce tufafi: irin mayaƙin da kika zaɓa shi ke yanke miki jinsin da za ki zama.

Amma akwai mafita a hannunki. Tun 2011 wasan naku ya ba da damar sauya kamannin sulke ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba. Ki nemi masu wannan aikin a Stormwind ko Orgrimmar, manyan biranen cikin wasan, ki biya da zinaren wasa, ki ɗora doguwar riga.

Abin da ya fi damuna shi ne hirar murya. Mata da yawa na kashe makirfo, wasu ma su zaɓi jarumi namiji, don gudun tsangwama. Duk wanda ya yi miki rashin kunya, ki toshe shi, ki kai ƙararsa nan take.