Maganin damuwa da tsoron farfaɗiya: in zubar da shi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigilar fasinja tsakanin Jos da Abuja. Bayan rasuwar mai ɗakina na shiga damuwa, ba barci ba cin abinci, likita ya ɗora ni a kan amitriptyline. Ɗana ya karanta takardar cikin kwalin, ya ce an rubuta yana iya tayar da farfaɗiya. Ni kuwa na taɓa faɗuwa sau biyu ina saurayi, ban gaya wa likitan ba don kunya. Wani malami a unguwarmu ya ce in zubar da maganin, in yi haƙuri kamar matar nan ta cikin hadisi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mai ɗakinka, Ya ba ka haƙuri.

Shan maganin damuwa halas ne, ba sai mun ja dogon zance ba. Inda na tsaya a wasiƙarka shi ne faɗuwar nan biyu da ka ɓoye. Ɗan'uwa, likita ya rubuta magani ne ga mutumin da ka nuna masa, ba ga kai na gaskiya ba. Amitriptyline yana cikin tsofaffin magungunan damuwa masu sauƙaƙa wa farfaɗiya tashi, musamman ga wanda ya taɓa yi ko ya zarce ƙima. Akwai irinsu bupropion da ba a ba mai farfaɗiya ko kaɗan, akwai kuma irinsu sertraline da likitoci suka fi natsuwa da su. Zaɓin nasu ne, amma sai ka faɗi gaskiya. Don haka wajibi ne ka koma masa a wannan makon. Kada ka yanke maganin da kanka rana ɗaya, hakan yana iya dawo da ciwon da ƙarfi.

Kafin ka gan shi, bai halatta ka ɗauki fasinja ba. Ka ƙaddara abin ya taso maka kana gangarowa Hawan Kibo, mota cike da mata da yara. Na san abincin gida a sitiyarin nan yake, amma rayukan amana ne. Kuma in kana cikin masu haɗiyar tramadol don tafiyar dare, ka sani shi kaɗai ma yana jawo farfaɗiya, balle a haɗa shi da maganinka da rashin barci.

Sai maganar malamin unguwarku. Yana nufin hadisin matar nan mai farfaɗiya da ta roƙi Annabi (SAW) addu'a, ya ce in ta so ta yi haƙuri ta sami Aljanna, in ta so ya roƙa mata waraka, sai ta zaɓi haƙuri. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Ibnu Abbas, kuma gaskiya ne wasu malamai sun ciro halaccin barin magani daga cikinsa. Amma ɗora shi a kanka kuskure ne. Matar zaɓi aka ba ta, ba umarni ba, kuma da bakin Annabi (SAW) aka yi mata alkawarin Aljanna; kai wa ya yi maka? Bayan ta zaɓi haƙurin ma sai ta roƙi addu'ar kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata, ashe neman sauƙi bai rushe haƙuri ba. Cutarta a kanta kaɗai ta tsaya, ba ta riƙe da rayukan mutane a hanya. Sannan ciwon da kake wa magani damuwa ce, wadda in an bar ta takan kai mutum ga halaka kansa, barin magani a irin wannan hali ba tawakkali ba ne. In kuma ya ce ai duk farfaɗiya ta aljanu ce, Ibnul Ƙayyim da kansa a Zadul Ma'ad ya kasa ta biyu, ta aljanu da ta jiki, ya bar ta jikin ga likitoci. Ka yi ruƙiyya da azkar ɗinka, ka sha maganinka.

In ka faɗi hankali ya gushe, alwala ta warware. Ka gaya wa ɗanka: a kwantar da kai ta gefe, kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa, in ta wuce minti 5 a garzaya asibiti. Kuma in tunanin mutuwa yana yawan zo maka da dare, ka faɗa wa likitan shi ma, ka daina kwana kai kaɗai a ɗakin nan.

Wallahu a'alam.