Alwalar mai ɓawon fata, da maganin da ba a ɗaukar ciki a kansa

Tambaya: Malam, da ciwon fata aka haife ni, jikina na yin ɓawo kamar na kifi, likita ya ce sunansa iktiyosis. Kullum cikin lafta Vaseline nake, in hunturu ya kama har tsagewa fatar take yi. Alwalata ta yi kuwa? Sannan likita zai ɗora ni a kan wani maganin sha mai suna acitretin, da sharaɗin kada in ɗauki ciki. Uwar mijina ta ce haramun ne.

Amsa: Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Wannan ciwo gado ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta zama ko cin abinci tare. Neman maganinsa halal ne. A hadisin Usama ɗan Sharik, Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani.

Game da alwala, abin dubawa shi ne kaurin man. In ya taru har za ki iya kankare shi da farce, to shamaki ne, ki goge shi da tsumma mai laushi kafin ki sa ruwa. In maiƙo ne kawai ya rage, ko da ruwa yana silalewa a kai, alwalarki ta yi. Ɓawon kuwa fatarki ne, ba a ce ki ɓamɓare shi ba. Cuɗawar da malamanmu na Malikiyya suka wajabta bin gaɓa ne da tafin hannu, ba dirza ba. Inda ya tsage, ruwa na cutar da shi, shafa ta isa, ko a kan maganin ne ko a kan bandeji. In shafar ma za ta cutar, ki yi taimama.

Batun acitretin, da girmamawa, maganar surukarki ba daidai ba ce. Maganin yana nakasa ɗan tayi, kuma yana daɗewa a jiki, shi ya sa likitoci ke hana ɗaukar ciki har shekara 3 bayan an daina shansa. Jinkirta haihuwa saboda lalura halal ne. Sahabi Jabir ya ce suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje don gudun ɗaukar ciki, alhali Alƙur'ani na sauka. Abin da ba ya halatta shi ne ki sha shi ba tare da kariya ba, domin cutar da jinjiri ne da gangan. Haihuwa haƙƙinku ne ku biyu, saboda haka ku je wurin likitan tare da maigidanki, ya ji adadin shekarun da kunnensa kafin ki haɗiyi ƙwaya ta farko. Wallahu a'alam.