Katifar da ke hana ciyawa shan ruwa

Ka ce kullum kana ba ciyawar gidan da na tura ka ruwa safe da yamma, amma sai ƙara ja take yi, ruwan kuma yana gangarewa kwata, shin a ƙara mata yuriya? Kai yaro, ajiye buhun nan. Yuriyar da kuke watsawa ba awo ita ta jawo rabin ciwon.

Ɗauki wuƙa ka yanko ciyawar har da ƙasarta, ka duba gefen yankan. Tsakanin koren ganye da ƙasa za ka ga wani abu a saƙe, matattun jijiyoyi da kara. Ni katifa nake ce masa. In bai kai kaurin ɗan ƙaramin yatsanka ba, ƙyale shi, yana ma riƙe laima. In ya wuce santimita ɗaya da rabi, ruwa ba ya isa ƙasa, saiwa ta haura ta zauna cikin katifar, rana na fitowa ta ƙone ta. Kirikiri ta fi tara shi, don yaɗo take yi. Ga jar ƙasarmu ta Zariya, da an tattake ta sai ta zama daɓe.

Maganin shi ne a huda ƙasa ta sha iska. Ƙarfen nan mai yatsu huɗu, ka taka shi ya shiga kamar santimita 10, ka girgiza, ka zare, ka matsa taƙi ɗaya. Iska da ruwa suka shiga, tana da sauran ƙananan halittu za su ruɓar da katifar da kansu. Jan manjagara da watsa yashi da ruɓaɓɓen taki ba sai na koya maka ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake.

Lokacin yi shi ne magana, kuma a nan aka cuce ni. Wani Alhaji a GRA ya kira ni cikin Disamba, hunturu ya kankama, bikin 'yarsa saura mako huɗu, yana son filin ya yi shar kafin a kafa rumfuna. Na durƙusa na yanko masa ciyawar, katifa ta kai yatsa biyu. Na ce, “Alhaji, wannan aikin na damina ne. Yanzu ciyawa ba ta tofo, in na buɗe ta iskar nan za ta busar da saiwar.” Ya ce yana da burtsatse, ruwa ba matsala, in yi kawai, kuɗi sai bayan biki. Na yarda da bakinsa. Da kuɗina na sayo tifa biyu ta yashin rafi, na ɗauki leburori uku, kwana shida muna huda, tafin hannuna ya fashe, leɓɓana suka tsage da sanyi. Muna gamawa famfon burtsatsen ya ƙone. Kwana tara ba wanda ya gyara, ba wanda ya aiko mini. Da na koma, filin ya zama kamar tsohuwar tabarma, ka ja da hannu ya biyo ka.

A gaban baƙinsa ya ce na kashe masa ciyawa. Ni, da na fara wannan aiki tun ba a haifi direbansa ba! Ko sisi bai ba ni ba. Kekena na sayar na biya leburori, don su ba su da laifi. Watan Yuli na wuce ta ƙofar gidan, na leƙa ta saman katanga, ciyawar ta dawo kore shar ta cikin ramukan da na huda, wani kuma aka ba kwangilar yanka ta. Har yau in na bi titin nan raina ɓaci yake.

Ku yaran yanzu ba ku iya ce wa mai kuɗi a'a, kun ga mota a ƙofa kun rikice, waya a hannu kuna neman dabarar kwana ɗaya. Ka gaya wa mai gidan sai Yuni, bayan ruwa ya zauna ciyawa ta fara gudu, washegarin ruwan sama, ƙasa da laima amma ba taɓo. Kafin nan ka bar ba ta ruwa kaɗan kaɗan kullum, ka jiƙa ta sosai sau biyu a mako. Kuɗin yashi kuwa ka karɓa a hannu kafin tifa ta tashi. Gobe ka zo mini da yankan in gani da idona.