Ku Tambaya Mu Amsa: Sauya Kafet a Daɓen Jirgin Kamun Kifi da Marufansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai tsawon mita 6 da nake fita kamun kifi da shi a ruwan Epe. Kafet ɗin daɓensa ya kwaye, yana wari, na kan marufan akwatunan ajiya kuma duk ya zazzago. Ina so in sauya da hannuna. Wane iri zan saya, nawa zai ishe ni, kuma ta ina zan fara? Daga mai karatu a Epe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kafin ka je kasuwa, fara hawa jirgin ka tattaka ko'ina da dugaduganka, musamman gindin kujeru da bakin marufai da kusa da inji. Duk inda ka ji ya lotsa, katakon da ke ƙasa ya ruɓe, kuma sabon kafet a kan ruɓaɓɓen katako asarar kuɗi ce. Soka sukudireba a wurin. In ta nutse ba da ƙarfi ba, sai an yanke wannan ɓangaren an sa sabon filawud na jirgin ruwa mai kaurin milimita 12 ko 18, gwargwadon wanda aka cire. A shafa masa ruwan faiba, wato resin da ke daskarewa ya hana katako shan ruwa, sau biyu gaba da baya, bakin da zarto ya bi kuma sau uku, domin ta nan ruwa ke shiga.

Kada ka yarda a sayar maka da kafet ɗin ɗaki ko na masallaci. Bayansa na shan ruwa ya riƙe, cikin damina ɗaya zai yi fumfuna. Na jirgi da zaren roba ake saƙa shi, bayansa ma roba ne, yakan zo da faɗin ƙafa 6 ko ƙafa 8, wato kusan mita 1.8 ko 2.4. Ana rarrabe shi da nauyi: mai lamba 16 da mai lamba 20 su ne aka fi samu, ma'ana oza 16 ko 20 a kowane murabba'in yadi. Mai 20 ya fi daɗin takawa, amma mai 16 ya fi lanƙwasuwa a kan murfi, ya fi kuma saurin bushewa. Mu dai mai 16 muke zaɓar wa jirgin da ke da marufai da yawa. Ka kuma dubi gashinsa da kyau: wanda zarensa ya yi lauje kamar na tawul, ƙugiya na maƙalewa a ciki, in ka fizga sai layi guda ya warware. Ɗauki mai yankakken gashi. Launi mai duhu yana ɗaukar zafin rana har ya ƙona tafin ƙafa, ruwan toka ya fi.

Lissafi kuwa, auna daɓen a inda ya fi faɗi da inda ya fi tsawo, ka ƙara santimita 10 a kowane gefe. Kowane murfi a ƙara masa santimita 5 a gefe huɗun, saboda naɗi. Misali daɓe mai mita 5 da faɗin 1.6, da marufai huɗu masu santimita 60 da 40, mita 7 na mai faɗin 1.8 zai ishe ka har da ɗan rara. Sayi duka daga naɗi ɗaya, don launi yakan ɗan bambanta daga wannan naɗi zuwa wancan.

Wajen cirewa, kwance kujeru da hinji da mariƙai, ka zuba sukurun kowane murfi a ledarsa daban, ka rubuta lamba a cikin murfin da kuma kibiya mai nuna gaban jirgi. Marufan da ido ke gani iri ɗaya ne, da wuya ramukansu su zo daidai in an musanya su. Ɓare tsohon kafet a hankali kada ya yayyage, shi ne ma'aunin da za ka yanka sabo a kai.

Sai aikin da kowa ke gudu, kankare tsohon gam. Nan rabin aikin yake. A bi da makankari mai faɗi, a bi da sanfefa mai lamba 60 ko 80 har hannu ya daina jin tudu, a share ƙura, a goge. Don Allah kada ka wanke gam da fetur kamar yadda wasu ke yi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a cikin jirgi, tartsatsi ɗaya daga batir ya isa. Bayan haka ma yana barin maiƙo, gam ba ya kama maiƙo. Cire tankin mai da kan batir tun kafin ka fara.

Daɓe ya bushe sarai, sai shimfiɗa. Baza kafet ɗin a rana kamar awa ɗaya ya saki jiki. Shafa shi da tafin hannu za ka ji gashin ya kwanta ta gefe guda. Zana kibiya da alli a bayan kowane yanki kafin ka yanka, duk su fuskanci gaba. In murfi ɗaya ya juya baya, a rana za ka ga kamar launinsa daban ne, kuma babu gyara sai sakewa. Ta bayan kafet ɗin ake yanka, da sabuwar reza, a riƙa canza ta da zarar ta fara jan zare.

Jera shi a daɓen babu gam tukuna, ya zauna daidai, ka ɗora nauyi a rabi ɗaya ka naɗe ɗaya rabin. Shafa gam ɗin kafet mai jure ruwa da cokalin magini mai haƙora kamar milimita 3. Galan guda yakan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10, amma karanta jikin gwangwanin. A kan faiba ko alminiyam, ba shi 'yan mintoci ya fara danƙo kafin ka kwantar da kafet, domin roba a sama, faiba a ƙasa, ruwan cikin gam ɗin ba shi da hanyar fita. Danne daga tsakiya zuwa gefe da rola ko guntun bututu mai nauyi, sannan ka koma ɗaya rabin. Gam ya yi yawa, zai huda ya fito ta gashi ya daskare; ya yi kaɗan, kafet zai yi ƙulli a tsakiya. Ka bar shi kwana biyu a ƙarƙashin rumfa, ba ruwa ba takawa. Da laimar Legas, kwana uku ya fi, shi ya sa muke cewa a yi wannan aiki tsakanin Disamba da Fabrairu, ba a watan Yuni da sama ke zuba ba dare ba rana ba.

TAMBAYA: Na ba wani mai gyaran kujerun mota ya naɗe mini marufai shida. Yanzu uku ba sa rufuwa sai na taka da ƙafa, kusurwoyin kuma sun fara buɗewa tun ba a yi wata biyu ba. Laifin gam ne ko na kafet? Daga mai karatu a Badagry.

AMSA: Alhaji, akwai alamar duka biyun, da kuma rashin gwaji. Tsakanin murfi da bakin raminsa akwai 'yar tazara, kuma kafet biyu ne za su zauna a cikinta, na jikin murfi da na bakin rami. In tsohon siriri ne aka sa mai kauri, dole ya cije. Abin da ya kamata a yi tun farko shi ne a yanko ƙyalle biyu a saƙala a tazarar, a rufe a gani. Tunda an riga an yi, a aske gashin gefen da ke cijewa da reza ko injin aski, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar. In bai yi ba, murfin katako ana iya ɓare gefensa a rage milimita 2 zuwa 3, a sake shafa ruwan faiba a naɗe. Na alminiyam ba a rage shi, sai dai a cire kafet ɗin bakin ramin. Ka daina taka su, hinji za ka ɓalle.

Shi murfi gam biyu yake so. Samansa gam ɗin kafet, gefensa da naɗin ciki kuma gam mai kamawa nan take, irin Evo-Stik da kafintoci da masu takalma ke aiki da shi, don shi ne ke riƙe lanƙwasa. Ana shafa shi a fuska biyu, jikin murfi da bayan kafet, a jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa. Mai gaggawa da ya haɗa shi da danshi, ranar zai ga kamar ya kama, bayan sati kaɗan ya saki. Kada a shafa shi da sassafe ko bayan ruwan sama, raɓa na kwanciya a kansa ta hana shi kamawa. A fara gwada shi a kan ƙyalle, domin wani yana cin robar bayan kafet, yana kuma narkar da farin soso da ake cusawa a cikin wasu jirage don kada su nutse.

Kusurwa ita ce ma'aunin gwani. A kifa murfin a bayan kafet, a fara naɗe dogayen gefuna biyu ana ja da ƙarfi, a matse da katako da maɗauri. A kusurwa a yanke ɗan yanki mai siffar V, amma bakin yankan ya tsaya kamar milimita 5 kafin ya kai kusurwar. In ya kai, jikin murfin zai leƙo. In an bar nama da yawa, ya yi dunƙule ya hana rufuwa. Murfin katako ana ƙara masa fil ta ciki, amma na ƙarfe mara tsatsa kawai. Fil ɗin masu kujeru ba ya jure ruwan gishiri, zai yi tsatsa ya karye ya bar jan tabo.

Abu biyu da ake yawan mantawa. In murfin na da robar hana ruwa, kafet ya tsaya kafin ya kai gare ta, in ya shiga ƙarƙashinta zai riƙa tsotso ruwa yana kai wa cikin akwati kamar lagwani. Sannan ramin sukuru ba a huda shi da injin huji ta cikin kafet, bakinsa na naɗe zare ya ja. A laluba ramin da tsinke, a ƙona ƙusa a wuta a soka, robar za ta narke ta rufe bakinta da kanta. Sukuru ya kasance mara tsatsa mai lamba 316, a ɗan shafa masa gam ɗin hana ruwa in alminiyam zai shiga, domin ƙarafan biyu na cin juna a ruwan gishiri.

TAMBAYA: Namu jirgin na sana'a ne, kullum muna ɗauko kifi da kankara zuwa Ikorodu. Kafet zai yi mana?

AMSA: Gaskiya ba zai yi ba, ɗan'uwa. Jini da yauƙi da ɓawon kifi na shiga gashinsa, ƙarnin ba ya fita ko an wanke, kuma kafet da ba ya samun kwana ɗaya ya bushe shi ke ruɓar da daɓe. Kafet na jirgin da ake fita da ƙugiya jefi-jefi ne, a dawo a ɗauraye da ruwan famfo, a buɗe marufai su sha iska. Ku kankare daɓen, ku shafa fentin jirgin ruwa, tun yana ɗanye ku barbaɗa yashi, ya bushe ku share wanda bai kama ba, ku ƙara shafi ɗaya ko biyu a kai. Ba ya santsi, bokiti biyu na ruwa sun wanke shi. Yashin ya zama an tankaɗe shi, an wanke da ruwan daɗi, an shanya ya bushe ƙarau, domin na bakin teku gishirinsa na jawo laima ya tayar da fenti.