Amsa: taswirar hoto (hoton da danna kowane sashensa ke kai mutum wani shafi) ta ƙi aiki a saba (server)

Malam, ka ce in an danna taswirar ƙauyukan Ringim da ka ɗora, sai rubutun fayil ɗin .map ya fito tsirara a allo. Apache, manhajar da ke gudanar da sabar, ne bai gane fayil ɗin ba. Kunna mod_imagemap, sashen Apache da ke karanta irin wannan fayil, ka ƙara layin AddHandler imap-file map a saitin Apache, sannan ka sake tayar da sabar.

Hoton kuma dole ya zauna cikin mahaɗin da ke nuni zuwa fayil ɗin .map, ɗauke da ismap, alamar HTML da ke sa a aika wa sabar wurin da aka danna. In daidai ne, za ka ga lambobi kamar ?120,45 a ƙarshen adireshin mahaɗin, wato awon wurin da aka nuna a hoton.

Abin da ya taɓa wahalar da ni a shagona na Gumel, rage girman hoto na yi, sai awon ya goce: ka danna wannan ƙauye, ya kai ka wancan. A ƙaramin allon waya ya fi faruwa. Don Allah bar shi a girmansa na asali.