Injin sabon babur ɗina ya buga, dila ya ce ba ruwansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Na sayi sabon babur a kwali a hannun wani dila a garinmu, yaransa suka haɗa mini shi a ƙofar shago. Da shi nake zuwa wurin aiki, da yamma kuma in ɗan taɓa acaba saboda cefane. Ko wata biyu da rabi bai cika ba, ina cikin tafiya na ji wata ƙara daga cikin injin, ya mutu, na taka kik ya ƙi motsawa. Bakanikenmu ya ce injin ya buga, yana so ya kwance shi. Na koma wurin dila, ya ce shi sayarwa kawai yake yi, laifin na kamfani ne, ko kuma ni na zuba baƙin mai marar kyau. Ya nuna mini inda aka buga a rasit cewa ba a dawo da kaya bayan an saya. Na yi juye a kan lokaci, kuma rasit da takardar garanti suna hannuna. Shin ina da wani haƙƙi, ko in rungumi ƙaddara in gyara da kuɗina? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya mayar maka da alheri. Kana da haƙƙi, amma yau ɗin nan ka je ka dakatar da bakaniken, kada ya ɗora sifana a kan ko noti ɗaya na wannan inji, kada kuma ya tsiyaye man da ke ciki. Injin a rufe, da mansa da duk abin da ya karye a cikinsa, shi ne babbar hujjarka, kuma galibin takardun garanti suna da sharaɗin cewa idan wani ya buɗe injin ba wakilin kamfani ba, to garanti ya faɗi. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi asarar haƙƙinsu a wannan mataki suka yi ta, domin da zarar an baje fistin da ringi a kan kwali a bakin hanya, dila ya sami abin faɗa, kai kuma ka rasa abin nunawa. Ka tura babur ɗin gida, ka ɗauki hoton mitarsa da lambar inji da lambar shasi, ka ajiye shi.

Maganar dila cewa shi sayarwa kawai yake yi ba ta da gurbi a doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayayya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ta tanadi cewa duk kayan da aka sayar suna ɗauke da alkawarin inganci ko da ba a rubuta shi ba, kuma wannan nauyi yana kan wanda ya ƙera da wanda ya shigo da su ƙasa da wanda ya rarraba da wanda ya sayar. Sashe na 132 ya ba mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku daga ranar da aka danƙa masa su idan sun gaza, ba tare da an ci shi tara ba, a gyara ko a musanya ko a mayar masa da kuɗinsa. Idan aka gyara kuma matsalar ta dawo cikin wata uku bayan gyaran, sai dai musanya ko mayar da kuɗi. Sashe na 145 kuwa ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar idan aka yi zargin kaya suna da aibi, wato dila ne zai tabbatar da cewa manka ne ya kashe injin. Rubutun da ya nuna maka a ƙasan rasit ba ya shafe haƙƙin da doka ta ba ka. Sai dai ka lura cewa wata ukun nan sun kusa cika a gare ka, saboda haka kada ka yarda da “jeka ka dawo jibi”.

Ka rubuta masa takarda, ko da shafi ɗaya ce, da Hausa ko da Turanci. Ka sa ranar saye da kuɗin da ka biya da lambobin babur da kilomitar da ya yi da ranar da ya tsaya, ka faɗi abin da kake nema a fili, ka ba shi wa'adi na mako guda. Ka kai kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya ka riƙe. Idan ya ƙi karɓa, ka tura masa hotonta ta WhatsApp, ka tafi da mutum biyu su shaida. Irin wannan takarda ka aika wa kamfanin da ke wakiltar masu ƙera babur ɗin a Najeriya, adireshinsa yana jikin takardar garanti. Ba ka da buƙatar neman masana'anta a Indiya ko Sin, inda akasarin baburanmu suke fitowa, domin wakilinsu na nan shi ne yake da injiniyoyi da kayan gyara, shi ne kuma yake amincewa da gyaran garanti. Rasit da garanti na asali kada su bar hannunka, hotonsu za ka riƙa bayarwa.

Ranar da za a buɗe injin ka tabbata kana tsaye, tare da bakaniken da ka amince da shi, domin a nan gaskiya take fitowa. Waɗannan ƙananan injuna iska ce take sanyaya su, kuma man da suke ɗauka bai wuce kimanin lita ɗaya ba, saboda haka ƙaramar tangarɗa a zagayawar mai takan ƙone su cikin ɗan lokaci. A fara tsiyaye man cikin kwano mai tsabta a gaban kowa, a duba yawansa da launinsa, a zuba a kwalba a rufe. Idan man ya cika, bai yi baƙi ƙirin ba, amma aka tarar saman injin a bushe, ƙarafunsa sun ƙone sun sauya launi, to alama ce cewa mai bai hau ba, kuma a nan fanfon mai ko toshewar hanyarsa za a tuhuma, wanda ba aikin mahayi ba ne. Haka nan idan bawul ya karye ko ɗan ƙarfen da ke riƙe da fil ɗin fistin ya fita ya kankare bulon injin. Idan kuwa aka tarar man ya ƙafe saura kaɗan, ya yi kauri, rariyar mai ta cika da datti, to magana za ta juyo kanka, kuma gara ka san haka tun yanzu. Ka ɗauki hoton kowane ƙarfe da aka ciro, ka nemi a ba ka sakamakon a rubuce.

Akwai abu biyu da za su yi ƙoƙarin kama ka da su. Na farko juye: littafin babur yakan ƙayyade kilomitar da za a yi juyen farko, saboda man farko yana kwashe ɓurɓushin ƙarfen sabon inji, don haka ka nemo shaidar inda aka yi maka, da galan ɗin man idan bai ɓata ba. Jabun baƙin mai yana yawo a kasuwanninmu, kuma idan ya tabbata shi aka sayar maka, haƙƙinka ya koma kan mai man. Na biyu acabar da ka ambata. Ka karanta takardar garantinka da kyau, domin wasu suna rage wa'adi idan haya ake yi da babur. Kada ka ɓoye, amma kada ka yarda a mayar da ita laifi, tunda kowa ya san domin wannan aiki ake shigo da irin waɗannan babura. Wani abin da ke gefenka shi ne yaran dila ne suka haɗa shi, kuma su ne ya kamata su duba mai kafin su miƙa maka makulli.

Idan wa'adi ya cika shiru, ka fara da shugabannin ƙungiyar dillalan babura na kasuwar, domin ɗan kasuwa yana tsoron zubewar mutuncinsa a gaban abokan sana'a. Idan sulhu ya ƙi, ka kai koke ga FCCPC, wato hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu sayayya, wadda ta gaji tsohuwar hukumar kare masu sayayya, CPC, ta 1992. Hedikwatarta tana Abuja, kuma ana shigar da koke ta shafinta na intanet. Ƙofar kotu ma a buɗe take. A ganina abin da ya fi yiwuwa ka samu shi ne gyara da sababbin kaya na asali ba tare da ka biya ba, kuma idan an yi maka wannan tayi a rubuce, tare da ranar kammalawa, karɓarsa ba faɗuwa ba ce.

Tambaya: Malam, ni na hannu na saya ta wurin dillali, bayan kwana kaɗan injin ya fara ƙara, bakanike ya ce an zuba masa mai mai kauri ne don a ɓoye ta. Ina zan dosa? Daga wani mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Kai ba ka da magana da kamfani, maganarka tana tsakaninka da mai babur da dillalin. A fiƙihun Malikiyya mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da ya riga ciniki kuma aka ɓoye masa, amma idan ya ci gaba da amfani da su bayan ya gani, ana ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Saboda haka ka daina hawansa daga yau, ka sanar da dillalin a gaban shaidun cinikin, ka sa bakaniken ya ajiye man da ya gani. Idan mai babur ya ƙi karɓar kayansa ko rage maka kuɗin gyara, ka kai maganar gaban sarkin dillalai, daga nan kuma sai kotun shari'a ta yankinku.